Dashen Bishiya Sai da Raino: Darasi Daga Matan Kenya

Uwargida, kin fi kowa sanin cewa haihuwa rana ɗaya ce, raino kuwa shekaru ne. To, haka dashen bishiya yake. Sau da yawa akan dasa, a tafa, a watse, kafin rani ya ƙare awaki sun cinye.

Matan karkarar Kenya sun sha fama da ƙarancin itacen girki da ƙafewar rafuka, saboda an sare dazuzzuka. A 1977 sai marigayiya Wangari Maathai ta kafa ƙungiyar Green Belt Movement, aka fara da bishiyoyi 7 kacal a Nairobi.

Da farko malaman gandun daji ne suka horar da matan da suka sa kai, amma bayaninsu ya yi nauyi. Sai aka koma ga abin da matan suka sani na noma: su tsinto iri, su shuka a fasassun tukwane, su yi ban ruwa. Wadda ta ƙware ta koya wa maƙwabciyarta. Matan suka kafa ƙananan ƙungiyoyi da shugabanninsu, masu lura da wurin rainon dashe da riƙe lissafi. Ɗan ihsanin da ake bayarwa kuwa ba ya fita sai an je an ga dashen ya rayu.

Da haka aka dasa bishiyoyi sama da miliyan 50, kuma a 2004 Maathai ta zama 'yar Afirka ta farko da ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya.

Don haka 'yar'uwa, duk ranar da ƙungiyarku ta tashi yin dashe, ku fara tambaya: wa zai koyar, wa zai raina?