Kurfi da Guduma: Ilimin da ke Hannun 'Yan Tinka

Duk wanda ya ratsa kasuwar Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai, ƙarar bugun kwano ce za ta fara tarbarsa. Ga akwatunan ƙarfe, ga bokitai, murhun gawayi, mazurari da kwanon awo. Mai saye yakan yi cinikinsa ya wuce, ba kasafai yake duban abin da ke hannun mai aikin ba. Alhali a nan gwanintar take, domin yawancin kayan aikin ɗan tinka ba daga kanti suka fito ba. Ko dai shi ya ƙera abinsa, ko maƙerin unguwa ya ƙera masa.

Kurfin da ake tsaga durom mai cin lita 200 da shi, sau da yawa guntun tsohon sifirin mota ne. Ba a banza aka zaɓe shi ba. Ƙarfen sifiri na ɗauke da sinadarin kabon kusan kashi 0.6 cikin ɗari, shi ya sa yake karɓar tauri, rodin gini kuwa bakinsa ba ya daɗewa. Maƙeri zai zuga gawayin ƙirya har ƙarfen ya yi jawur, ya dake bakin ya yi faɗi, ya sake gasa shi, sannan ya tsoma a mai. Masana sun tabbatar cewa ƙarfe na daina kama maganaɗisu idan zafinsa ya kai digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, kuma da ɗan ɗoriya kan haka ake tsomawa. Maƙerinmu da ido yake gane wannan gaɓar. Aikin bai ƙare ba, don ƙarfen da ya fito daga mai gautsi gare shi, bugu ɗaya na iya fasa shi. Sai an goge bakin an sake ɗumama shi sannu a hankali, har launinsa ya tashi daga ruwan ƙasa ya doshi shuɗi. Wanda ya yi gaggawa a nan ya yi asarar ƙarfe da gawayi.

Uwar maƙera kuwa galibi guntun ƙarfen dogo ce: samansa na miƙar da kwano, gefensa na karya kusurwa. Amma a faɗi gaskiya, wanda aka saya ta halal muke nufi, ban da wanda ɓarayi suka kwance daga layin jirgi.

Inda na fi jinjina wa waɗannan mutane shi ne yadda suke bambance guduma da guduma. Kwanon durom kaurinsa bai wuce kimanin milimita 1 ba. In aka buga shi da gudumar ƙarfe a kan ƙarfe, wurin zai sirance ya baje, falle ya murɗe. Saboda haka mai son zurfafa kasko sai ya nemi kututture, ya fafe samansa kamar bakin turmi, ya ɗora fallen, ya bi shi da gudumar icce daga gefe yana zagayawa zuwa tsakiya. Sai siffa ta fito ake ɗauko gudumar ƙarfe a lallashe tabo. Ita ma dole fuskarta ta sha gugar magagari ta yi sumul, domin duk zanen da ke jikinta sai ya fito a jikin kwano. Haka ɗan ƙarfe mai tsagi da ake danne haɗin bokiti da shi: daidai faɗin lanƙwasar ake yanka tsaginsa, in ya kuskure bokiti ya yi yoyo.

Sana'ar na da haɗarinta. Kan kurfin da ya baje don yawan bugu yakan fantsamar da ɓarɓashi cikin ido, sai a riƙa goge shi. Duromin da ya taɓa ɗaukar fetur na iya fashewa da tartsatsi ɗaya. Hayaƙin farin kwano a wuta kuma yana sa zazzaɓi.

Abin damuwa shi ne yara da yawa na koyon yanka da lanƙwasa, ba a zaunar da su gaban zugazugi ba, ranar da kurfi ya karye kuwa aiki ya tsaya. Ina kira ga iyayen gidan sana'a su fara koya wa yaro ƙera kayan aikinsa tun kafin su yaye shi. Haka kuma ina kira ga Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, da ke Kaduna, ta sa wannan cikin abin da ake gwada ɗan koyo a kai kafin a ba shi takardar shaida.