Fitilar ABS ta kama: Abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka sayi famfo

Direbobin da ke jigila tsakanin Haɗeja da ƙauyukan fadama irin su Baturiya, a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, sun saba ganin fitilar ABS mai ruwan ɗorawa a gaban sitiyari bayan damina. Da yawa sai a ce musu famfon birki ya mutu. Sau tari kuwa lafiyarsa ƙalau, wuta ce ba ta isa gare shi.

Mene ne aikin ABS?

Kamfanin Bosch ne ya fito da ABS na lantarki a motocin Mercedes a 1978, yanzu kuma galibin motocin Kwatano da shi suke zuwa. Kowace taya tana da sansa mai auna gudunta. Idan ka taka birki da ƙarfi, taya ta nemi cijewa, kwamfutar birkin takan sassauta mata mai, famfo ya mayar da shi, sau da dama cikin daƙiƙa guda. Karkarwar da kake ji a ƙafa ke nan.

Me ya sa fadama ke ɓata shi?

Sansa tana dab da taya, inda laka ke taruwa. Ruwa kan shiga soket ya bar kore-kore a bakin ƙarfen, gargadar hanya kuma ta goge waya har ta tsinke daga ciki alhali robarta ba ta nuna komai. Motar da ta yi nitso a ambaliya irin ta 2022 takan jima tana fitar da irin wannan ciwo.

Daga ina ake farawa?

Daga mai arha. Batir lafiyayye yakan nuna kusan bolt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki, kuma raunin batir kaɗai na iya kunna fitilar. Sai fis: famfon na jan wuta sosai, don haka yana da nasa babba, galibi mai amfiya 30 ko 40. Sai rile, sai wayar da aka ɗaure a jikin bodi, wadda tsatsa ke ci. In ka zare makulli famfo bai daina ƙugi ba, rile ne ya manne, kuma kafin safiya batir ya sauka.

Me kwamfuta za ta faɗa?

Ƙananan na'urorin bincike masu arha inji kawai suke karantawa, sai mai gyaran wuta ya sa wadda ke shiga sashen birki. A Golf, lamba 01276 famfon take nunawa, amma tsinkewar waya ko mutuwar fis ma kan jawo ta. Sai an auna an ga wuta na isa soket ɗin, sannan a ɗora wa famfo laifi.

Za a iya ci gaba da tuƙi?

In fitilar ABS ce kaɗai, birki na nan, sai dai taya za ta iya cijewa a kwalta mai santsi. In jar fitilar birki ta kama tare da ita, faka ka duba man birki. Kada ka yarda a cire ƙwan fitilar ko a ɗaura waya a madadin fis, domin ɗaura wayar kan ƙona mota.