JINSEN: ARZIKIN DAJI DA GAGGAWA KE CINYEWA

A gabashin ƙasar Amurka akwai wani dogon jerin duwatsu da ake kira Afalashiya, wanda ya ratsa jihohi irin su Bajiniya ta Yamma da Kentaki da Tenesi da Karolina ta Arewa. Da zarar watan Satumba ya kama, sai ka ga mutanen ƙauyukan wurin sun rataya jaka, sun ɗauki ɗan abin tono, sun nausa cikin daji neman saiwar wani tsiro da ake kira jinsen. Wannan tsiro ba ya fitowa a dazuzzukan Nijeriya, domin sai ƙasa mai tsananin sanyin hunturu. Amma labarinsa na ɗauke da darasi ga duk mai cin abinci daga daji.

MENE NE JINSEN?

Jinsen ɗan ƙaramin tsiro ne wanda da wuya tsawonsa ya wuce gwiwar mutum. Yana son inuwar manyan itatuwa da ƙasa mai laima, musamman a gangaren dutse inda rana ba ta cika duka ba. Kowace shekara yakan fid da kara ɗaya tak. Idan sanyi ya shigo karan ya bushe ya faɗi, ya bar tabo a wuyan saiwar, don haka wanda ya ƙidaya tabban zai san shekarun tsiron.

Saurin girma kuwa ba shi da shi. Irinsa yakan yi wajen wata 18 a ƙasa kafin ya tsiro, sa'an nan tsiron ya yi shekara biyar ko fiye kafin ya soma ba da 'ya'ya na kirki, waɗanda kan nuna jajur a ƙarshen bazara. Ta iri kaɗai yake yaɗuwa, kuma abin da ake nema a jikinsa ita ce saiwar. Watau duk wanda ya tono jinsen ya kashe shi ke nan.

ASALIN CINIKIN

Mutanen ƙasar Sin sun yi ɗaruruwan shekaru suna amfani da irin nasu jinsen, sun yi imani yana ƙara ƙarfin jiki. Sunan da suka ba shi ma yana nufin saiwa mai siffar mutum. Yawan tono ya sa na dajinsu ya yi ƙaranci ƙwarai. A shekarar 1716 wani limamin Kirista Bafaranshe, Joseph-François Lafitau, ya gano ɗan'uwan wannan tsiro kusa da birnin Montiriyal a Kanada, daga nan aka soma jigilarsa zuwa Sin. A 1784 jirgin ruwan Amurka na farko da ya je fatauci Sin, mai suna Empress of China, ya tashi daga Nuyok ɗauke da wajen tan 30 na jinsen zuwa Kanton. Har wa yau yawancin abin da ake tonowa a Afalashiya Hongkong da Sin ake kai shi.

YADDA AKE SAMUN KUƊI

Mai tono yakan wanke saiwar a hankali don kada ta kuje, ya shanya ta a inuwa, sa'an nan ya kai wa dillali mai lasin. Da laba ake awo, watau ƙasa kaɗan da rabin kilo. Sai an tara wajen laba uku na ɗanya kafin a sami laba ɗaya na busasshiya, kuma laba ɗayan nan kan ci saiwa ɗari biyu ko fiye. Farashinta ɗaruruwan daloli ne, a wasu shekaru ma ya kai wajen dala 1,000.

Ana kuma noma jinsen a gonaki masu rumfa, musamman a jihar Wiskonsin da lardin Ontariyo na Kanada, amma kuɗinsa bai kama ƙafar na daji ba. Masu saye sun fi son na daji saboda tsufansa da tamojinsa. Ga iyalai da yawa a duwatsun nan, inda aikin haƙar kwal ya ja da baya, kuɗin jinsen ne ke biyan bukatun hunturu.

INDA MATSALA TAKE

Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Idan farashi ya hau, sai wasu su riga lokaci su tono tsiron tun 'ya'yansa ba su nuna ba, wasu su kwashe manya da ƙanana, wasu kuma su shiga dajin da ba nasu ba da dare. Abin da ya yi shekara goma yana girma sai a tumɓuke shi cikin minti biyu, ba a bar iri ba. Ga kuma barewar ƙasar da ta yi yawa tana cinye ganye da 'ya'ya, ga saran itatuwa da ke kawar da inuwa. Ta haka wuraren da kakanni ke cika buhu suka zama sai jikoki su wuni suna yawo kafin su cika aljihu.

MATAKAN HUKUMA

A 1975 aka sa jinsen na Amurka cikin yarjejeniyar ƙasashen duniya da ake kira CITES, wadda ke sa ido kan cinikin dabbobi da tsire-tsiren da ake tsoron ƙarewarsu. Tun daga nan ba a fita da saiwar daga ƙasar sai da takardar izini. Muhimman sharuɗɗan su ne:

1. Ba a tono sai lokacin da hukuma ta buɗe, watau daga farkon watan Satumba.
2. Ba a fitar da saiwar da ba ta kai shekara biyar ba.
3. A yawancin jihohi sai tsiro mai reshe uku ko fiye ake taɓawa.
4. A jihohi da dama wajibi ne mai tono ya binne jajayen 'ya'yan a daidai inda ya cire uwar.

Kanada ta hana fitar da na daji gaba ɗaya. A babban gandun daji na Great Smoky Mountains an haramta tono, har ma'aikata kan shafa wa saiwoyi rini su mayar da su ƙasa, domin a gane na sata idan sun shiga kasuwa. A 2021 aka dakatar da ba da izinin tono a gandun dajin gwamnati na Pisgah da Nantahala saboda tsiron ya ragu.

Duk da haka ma'aikacin daji ba zai iya tsare kowane gangare ba. Dajin da ya tsira shi ne wanda mai tononsa ke barin ƙanana, yana binne iri, yana kuma hutar da wuri shekaru kafin ya koma.

ABIN LURA GA JAMA'AR NIJERIYA

Nijeriya na cikin ƙasashe goma na farko da suka amince da yarjejeniyar CITES, kuma a 1985 Gwamnatin Tarayya ta kafa Doka ta 11 don aiwatar da ita. Irin wannan matsala ba ta da nisa. A tsaunukan Mambila da na Kamaru akwai wata bishiya da masana ke kira Prunus africana, wadda ake kai ɓawonta Turai don haɗa maganin ciwon da ke hana dattawa maza fitsari. Yawan sassaƙa ya kashe da yawa daga cikinta a Kamaru, har a 1995 ita ma aka sa ta cikin yarjejeniyar.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Saboda haka ana kira ga masu maganin gargajiya da masu tonon saiwa da masu sassaƙe su kiyaye abu uku: kada a kewaye bishiya da sassaƙa, kada a tumɓuke tsiro tun bai zub da iri ba, kada kuma a kwashe wuri ƙaƙaf. Mai son fitar da kayan daji zuwa ƙasashen waje kuwa, lalle ya fara tuntuɓar ofishin gandun daji na jiharsa don sanin abin da doka ta yarda da shi.