Samanja Mazan Fama da Hausar Bariki

Duk wanda ya san unguwannin Makera da Kakuri na Kaduna a zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, tun daga Kaduna Textiles da aka buɗe a 1957 har zuwa UNTL da Arewa Textiles da suka biyo baya, ya san cewa Hausar da Tibi da Nufawa da Bajju da Yarabawa ke yi a bakin ƙofa lokacin tashi daga aiki ba ta Kano ba ce, ba kuma ta Sakkwato ba. Hausar bariki ce wadda larurar mu'amala ta haifa, masana nahawu kuwa suka daɗe suna yi mata kallon hadarin kaji. Mutumin da ya ɗauki wannan harshe ya kai shi gidan rediyo, har sarakuna da malamai suka kasa kunne gare shi, shi ne marigayi Alhaji Usman Baba Pategi, wanda aka fi sani da Samanja Mazan Fama, Allah ya jiƙansa.

An haife shi a 1942 a Pategi, bakin kogin Kwara, cikin gidan sarautar Nufawa, saboda haka Hausa ba a nono ya sha ta ba. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya taɓa aikin gidan rediyo, sa'an nan ya shiga soja a shekarun 1960, inda ya ga rayuwar bariki da idonsa, ya haddace tsawar manya da ƙunƙunin kurata.

A ganina hikimarsa ta fi bayyana a rediyo, domin a nan ɗan wasa ba shi da kaki, ba shi da zare ido, sai murya kaɗai. Amma da ya daka tsawa, yana cakuɗa Hausa da Turancin bariki, yana mai da mace namiji a lafazi, sai mai sauraro a Makera ko a Maraɗi ya ga sojan a tsaye gabansa. Da wasansa na Samanja ya koma talabijin na NTA Kaduna, sai kaki da ƙamewa suka ƙara masa armashi, ba tare da sun rage wa muryar daraja ba. Kada kuma a manta da zamanin: daga 1966 zuwa 1979, da kuma daga ƙarshen 1983 zuwa 1999, soja ke mulki, talaka na ganin kaki gabansa ya faɗi, Samanja kuwa ya nuna masa soja a cikin gidansa, mai iyali, mai fushi da saurin huce, wanda shi ma yana da na gaba da shi da yake shakka. Wannan sulhu ne tsakanin bariki da gari, wanda wa'azi da lacca ba su cim masa ba.

Shi da tsararrakinsa, irin su Ƙasimu Yero na wasan Karambana, wanda ya rasu a 2017, sun share fagen da finafinan bidiyo suka shigo daga 1990, har aka sami su Rabilu Musa Ibro; illa dai su na farko gidajen gwamnati ne suka raine su, na baya kuwa kasuwar kaset.

Samanja ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81. Haƙƙi ne a wuyan Rediyon Tarayya na Kaduna da NTA su tattaro abin da ke ma'ajiyarsu na wasanninsa, su juye shi cikin na'urorin zamani, su buɗe wa ɗaliban harshe na jami'o'in Zariya da Kano ƙofar nazarinsa.