Suwic ya cika, kabad ya cika: ta yaya za a haɗa su?

Duk makaranta, asibiti ko ofishin da kwamfutocinsa suka haura arba'in, wata rana sai wannan tambaya ta taso. Suwic, wato akwatin nan mai kafofi 24 ko 48 da wayoyin kwamfutoci ke shiga, ya cika. An sayo na biyu da na uku, an kafa wani kabad a gefe. To, ta ina za a haɗa su? In aka yi kuskure a nan, waya ɗaya ce za ta tsinke, rabin gini ya rasa intanet, wataƙila ma ranar rajistar jarrabawa.

Hanya ta farko ita ce abin da masu sana'ar ke kira sitakin: a ɗaure suwic da yawa ta baya da wata waya ta musamman, su koma tamkar guda. Adireshinsu ɗaya, saitinsu ɗaya, ɗaya daga ciki ne shugaba, in ya mutu wani ya gaje shi. Misali, Catalyst 9300 na kamfanin Cisco yana ɗaukar har suwic takwas a jeri guda, da gudun gigabit 480 a daƙiƙa. Amma fa a rufe zoben: na ƙarshe ya dawo ya haɗu da na farko. Ta haka, ko waya ɗaya ta lalace, saƙo zai bi ta ɗaya gefen.

Matsalar ita ce tsawo. Wayoyin sitakin na wannan samfurin santimita 50 ne, ko mita 1, ko mita 3. Kun ga ke nan, in kabad biyun ba manne suke da juna ba, ba za ta kai ba. Sannan dole suwic ɗin su zama 'yan gida ɗaya, da manhaja iri ɗaya. Ranar sabunta manhajar kuwa, galibi duka jerin ne ke kashewa ya tashi lokaci guda.

Shi ya sa hanya ta biyu ta fi dacewa da mafi yawanmu: kowane kabad da jerinsa, sai a jawo waya biyu daga kowanne zuwa babban suwic na tsakiya. Kada wayoyin biyu su fito daga suwic ɗaya. A raba su. A haɗa su da tsarin LACP, wanda ke mayar da su hanya guda mai faɗi, in ɗaya ta faɗi ɗayar ta ci gaba.

Wace waya? Ta jan ƙarfe, irin Cat6, iyakarta mita 100. Faiba irin OM3 tana kai gigabit 10 har mita 300. Tsakanin gini da gini kuwa, faiba kawai. Gilashi ne, ba ya ɗaukar wuta, don haka tsawar damina ba za ta biyo shi ta ƙona kaya ba.

Akwai wani tarko kuma. In aka haɗa suwic biyu da waya biyu ba tare da saiti ba, saƙo zai yi ta zagaye har komai ya tsaya cik. Maganinsa tsarin Spanning Tree, wanda Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985. A tabbata yana kunne, musamman inda ɗalibai ke iya soka waya duk inda suka ga kafa.

Kafin a biya ko sisi, a sa mai haɗin ya zana taswirar a takarda, a tambaye shi: in wannan wayar ta tsinke, su wa za su rasa intanet? In wannan suwic ya mutu fa? Kowane kabad ya samu UPS nasa, a bar wa iska hanya, a riƙa share ƙurar hunturu, a kuma rubuta lamba a bakin kowace waya, gaba da baya. Wanda zai zo gyara bayan shekara uku ba lallai ne ya zama wanda ya haɗa ba.