Laccar da Aka Hana: Gwagwarmayar Harshen Tamazight a Aljeriya

A ranar 10 ga Maris 1980, an gayyaci marubuci Mouloud Mammeri zuwa jami'ar Tizi Ouzou, a yankin Kabili na ƙasar Aljeriya, domin ya yi lacca a kan tsofaffin waƙoƙin mutanen yankin. Hukuma ta hana laccar.

Mutanen Kabili wani reshe ne na Imazighan, wato al'ummar da ke zaune a arewacin Afirka tun kafin zuwan Larabawa. Harshensu shi ne Tamazight. Bayan Aljeriya ta sami 'yancin kai a 1962, gwamnati ta ɗauki Larabci kaɗai a matsayin harshen ƙasa, bisa ganin cewa harshe ɗaya shi ne zai haɗa kan jama'a. Saboda haka Tamazight ya rasa gurbi a makaranta da kotu da ofis. Yaro yakan tashi da harshen uwarsa, amma da ya shiga aji sai ya ajiye shi a bakin ƙofa.

Hana laccar ya fusata ɗalibai. Suka ƙaurace wa darussa, ma'aikata kuma suka mara musu baya. A ranar 20 ga Afrilu jami'an tsaro suka afka wa jami'ar, suka kama mutane da dama. Ana kiran wannan lokaci Tafsut Imazighen, wato bazarar Imazighan.

Neman haƙƙin bai tsaya nan ba. A shekarar karatu ta 1994 zuwa 1995, yaran Kabili suka ƙi zuwa makaranta, sannan gwamnati ta yarda a fara koyar da harshen. A 2001 tarzoma ta ɓarke a yankin, fiye da mutum 100 suka mutu. A 2002 aka amince da Tamazight a matsayin harshen ƙasa, a 2016 kuma ya zama harshen hukuma tare da Larabci. Maroko ta riga ta yi haka a 2011.

Wannan tarihi yana da dangantaka da Sahel. Abzinawan Nijar da Mali 'yan'uwan mutanen Kabili ne ta fuskar harshe, kuma su ne suka adana tsohon rubutun Tifinagh bayan ya ɓace a arewa. Daga wurinsu masu fafutika suka aro haruffan suka sabunta su. A 2003 Maroko ta zaɓi wannan rubutu domin koyarwa.

Abin lura ga ɗalibin harshe shi ne, waƙa ce aka hana, ba taron siyasa ba. Waƙa da tatsuniya da karin magana su ne rumbun da al'umma ke ajiye tarihinta. Wanda aka hana shi faɗarsu a bainar jama'a, an nuna masa ke nan cewa shi baƙo ne a ƙasar haihuwarsa. An yi shekara 36 tsakanin hana laccar Mammeri da shigar harshensa sahun harsunan hukuma.