Kayan Aiki Nagari Shi Ne Wanda Ya Dace da Halin Manomi

Me ya sa wani inji yakan iso gari da murna, amma bayan wata uku sai a same shi jibge a zaure? Sau da yawa injin lafiyarsa ƙalau. Matsalar ita ce wanda ya ƙera shi bai san yadda mai amfani da shi yake rayuwa ba.

An koyi wannan darasi kusa da mu, a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. A shekarun 1960 da 1970, David Norman da abokan aikinsa sun bi manoma a ƙauyukan Zariya, kamar Hanwa da Doka da Dan Mahawayi. A lokacin ana ba da shawarar shuka iri guda a gona, amma manoma suka ci gaba da haɗa gero da dawa da wake. Bincike ya nuna manoman na da dalili: in wani amfanin ya ƙi, wani zai ciyar da gida, kuma hannun aiki yakan yi ƙaranci lokacin noman ciyawa.

Buhun ajiyar wake na PICS misali ne na kayan da aka tsara da irin wannan tunani. Masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da masana na Afirka, suka fara yaɗa shi a 2007. Leda biyu ce masu kauri a cikin buhun da kowa ya saba da shi. In an ɗaure kowace da kyau, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba.

Sun kuma san cewa mutane sun fi yarda da abin da idonsu ya gani. Saboda haka akan cika buhuna a gaban jama'ar gari, sai bayan watanni a buɗe su a gaban kowa.

'Yan'uwa, in an kawo mana sabon famfo ko murhu ko injin niƙa, mu tambaya: Wa zai riƙa amfani da shi kullum? Mata sun gwada shi? In ya lalace, makanikin Samaru zai iya gyara shi? Ana samun kayan gyaransa a kasuwar Sabon Gari? Mu faɗi gaskiya tun kafin a kashe kuɗi, kada kunya ta sa mu yi shiru.